Ranar Abiola ta same ni da cek a aljihu

Motar albasa ta iso mana kasuwar Mile 12 da ke Legas daga Aliero tun kafin kiran assalatu, ranar Laraba 12 ga Yuni, 2024. Direban ya ce lallai ya juya kafin la'asar, akwai lodi da ke jiransa a Ibadan. Hankalina kwance, don akwai cek a aljihuna na wani otal da nake kai wa kaya. Na ce wa 'yan dako su fara sauke buhuna, zan leƙa banki in dawo.

Babu abin da ya nuna mini cewa ranar daban ce. Kasuwa ta cika ta batse, masu tumatir na ta ciniki da matan Yarabawa, motocin haya na danfo na ta kwasar fasinja. Abu ɗaya na lura da shi, hanyar Ketu zuwa Ojota babu cunkoson da aka saba, har na ce a raina yau na taki sa'a.

Ina isa na tarar da ƙofar banki a garƙame. Maigadin, wani dattijo Basakkwace, yana zaune kan benci da rediyo a kunne. Muka gaisa, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai yau ranar Abiola ce. Sai gobe in Allah Ya kai mu."

Kunya ta kama ni, don ba baƙon zancen ba ne a wurina. A ranar 12 ga Yuni, 1993, ina saurayi na tsaya a layi aka ƙirga mu, zaɓen shugaban ƙasa da Abiola da Babagana Kingibe suka tsaya, wanda gwamnatin Babangida ta soke. Abiola ya rasu a tsare a 1998. A 2018 Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, ya kuma ba marigayin lambar girmamawa mafi girma ta ƙasa, GCFR. Duk na san wannan. Sai dai ɗan kasuwa da zuwan mota yake ƙirga kwana, ba da kalanda ba.

Na koma na'urar ATM, layi ya kai bakin titi, kuma abin da take bayarwa bai kai ko rabin kuɗin motar ba. Cek kuwa ranar hutu takarda ce kawai. A ƙarshe maƙwabcina a kasuwa ya tura wa direban kuɗinsa ta waya, shi ma sai da aka yi ta fama da netwok. Na 'yan dako, da ba sa karɓar komai sai tsaba, na bi masu POS uku kafin na haɗa, kowa ya yanki cajinsa ba tausayi. Ranar da banki ya rufe ranarsu ce, ban ga laifinsu ba.

Daga baya na zauna na tantance. Duk inda ake buga hatimi a rufe yake: banki, kotu, gidan waya, sakatariyar gwamnatin jiha da ke Alausa, ofisoshin ƙananan hukumomi, da makarantu. Masu cin abinci daga cinikin yau kuwa suna nan, kasuwa da gidan mai da masu shayi da mahautan Agege. Asibitin gwamnati yana karɓar mai larurar gaggawa, amma wanda aka ba ranar ganin likita gara ya tambaya kafin ya ɓata kuɗin mota.

Akwai wani tarkon kuma. Idan ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida takan ba da hutun ranar Litinin, kamar yadda aka yi a 2022, aka huta 13 ga wata. Kwana uku ke nan a jere babu banki.

Yanzu da zarar Yuni ya kama nake kai duk wani cek da ke hannuna, in ajiye tsabar 'yan dako a gefe. Direban nan har yau idan ya kira ni daga Aliero, kafin ya ce ya taso sai ya tambaya, "Alhaji, ba dai ranar Abiola ba ce ko?"