Yadda na tunkari cunkoson data a hanyar sadarwar wayar salula

Da aka ɗora mini aikin sake tsara hanyar sadarwar wani kamfanin waya, buƙatar shugabanni ɗaya ce, wato a ƙara turakun da ke ɗauke da eriya, domin koke-koken masu saye sun yi yawa. Ni kuwa da awo na fara. Na duba abin da ke gudana a sa'ar da cunkoso ya fi tsanani, wadda galibi takan faɗo da dare, lokacin da jama'a suka duƙufa kallon bidiyo, saboda lissafin yini guda yakan ɓoye matsalar, kuma duk hanyar da aka gina a kansa tana durƙushewa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Awon ya nuna cewa a wurare da dama eriya lafiyarta ƙalau, layin da ke kai data daga turke zuwa cibiya, inda duk layukan kamfanin ke haɗuwa, shi ne ya cika. An haɗa turakun a jere ta iska, wannan yana miƙa wa wancan, har na kusa da cibiya ya zama shi ke ɗauke da kayan kowa. Muka ja wayar fayiba zuwa manyan mahaɗai, muka kuma yi mata zobe, ta yadda idan masu haƙan titi suka datse ta a gefe guda, abin da ba ya wuyar faruwa, data za ta zagaya ta ɗaya gefen. Wannan aikin ya fi komai cin kuɗi da lokaci, kuma a ganina shi ya fi komai amfani.

Daga nan muka koma kan zangon mita, wato kason igiyoyin rediyo da sigina ke bi, wanda ake aunawa da megahaz. Zangon megahaz 800 yana tafiya nesa kuma yana ratsa bango, amma ba shi da faɗi, shi kuwa na 2600 yana ɗaukar kaya da yawa sai dai ba ya nisa. Muka karɓo wani kaso na zangon 1800 daga 2G muka ba 4G. Tasha ɗaya ta 4G, wato layin rediyo guda a cikin zango, ba ta wuce faɗin megahaz 20, amma tun daga fitowa ta 10 ta ƙa'idojin 3GPP, ƙungiyar da ke tsara fasahar wayar salula, ana iya haɗa tashoshi har biyar su zama megahaz 100. A nan na koyi duba wayoyin da ke hannun mutane kafin a sayi na'ura, domin tsohuwar waya ba ta cin moriyar wannan haɗin ko kaɗan.

A cibiya mun ajiye rumbun bidiyon da aka fi kallo kusa da masu kallo, nauyin manyan layuka ya ragu.

Sababbin turaku su ne suka zo ƙarshe, kuma kaɗan muka kafa, a wuraren da jama'a suka fi cunkushewa. Turaku biyu masu mita ɗaya idan suka yi kusa sukan dame wa juna sigina, saboda haka sai da muka sunkuyar da eriyoyin maƙwabta kafin muka kunna kowane sabo.