Aikinmu da tsofaffin takardun zanen gini

Mu huɗu ne a kamfanin, ni da ma'aikata uku, kuma tsofaffin takardun zanen gini ne abincinmu. Idan wata kwaleji ko hukuma ta tashi gyaran ginin da aka yi tsakanin 1945 da 1970, ɗakin karatu ne, ko zauren taro, ko ɗakin kwanan ɗalibai, mu ake kira mu nemo zanensa na asali, mu warware shi, mu ɗauki hotonsa a kwamfuta, mu rubuta bayanin kowace takarda.

Neman ya fi komai cin lokaci, don da wuya ka tarar da zanen gini ɗaya a wuri guda. Wani kaso na jibge a siton sashen ayyuka, wani na hannun magadan ɗan kwangila, wani kuma ya bi mai zanen zuwa ƙasarsu. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew su suka zana manyan gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, amma mai neman takardunsu na aiki sai ya leƙa ma'ajiyar ƙungiyar masu zanen gini ta Birtaniya, RIBA, a Landan.

Idan an samo su, sai haƙuri. Takardar da ta shekara sittin a naɗe ba a buɗe ta da gaggawa, karyewa take yi. Sai mun sa ta a rufaffen akwati mai ɗan danshi har ta saki jiki, sannan mu shimfiɗa ta a ƙarƙashin nauyi na kwanaki. Kowace iri da halinta. Mai shuɗin fage da fararen layuka ba ta son hasken rana, ba ta kuma son a haɗa ta da takardar ajiya mai sinadarin alkali, wato kishiyar asid, launinta gushewa yake yi. Wadda aka buga da amoniya, wato diyazo, dusashewa take yi a hankali, gefenta ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa muke ware ta daban. Zanen da aka yi a kan ƙyalle mai sitati kuwa, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata shi. Babban abokin gabana shi ne salatif. Wani bawan Allah ya liƙa shi da kyakkyawar niyya shekaru arba'in da suka wuce, yau ya bar tabon da ya cinye lambobin awo.

Yaran da nake koya wa aiki sun fi tuntuɓe a kan ma'auni. Yawancin zanen lokacin da inci da ƙafa aka yi shi. Kashi ɗaya cikin takwas na inci a madadin ƙafa ɗaya yana nufin 1:96, wanda ya ɗauke shi 1:100 zai ga bango ya ƙi zama inda yake. Ina kuma sa su fara karanta ɗan akwatin da ke kusurwar ƙasa, inda ake rubuta kwanan wata da lambar gyara, domin abin da aka zana da fari ba lallai shi aka gina ba.

Abin da ya riƙe ni a sana'ar nan shi ne dalilin da ke bayan kowane layi. Masu zanen wancan zamani a ƙasashe masu zafi ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sukan miƙar da gini daga gabas zuwa yamma don dogayen bangayensa su kauce wa ranar safe da ta la'asar, su yi shi siriri yadda iska za ta ratsa, su sa baranda mai faɗi da bangon siminti mai huda-huda. Yau ana toshe hudojin da bulo ana cewa ado ne kawai, a dawo ana kukan zafi.

Bara wani injiniya ya zo da niyyar cire irin wannan bango a wani ɗakin karatu ya sa gilashi. Na shimfiɗa masa takardar da ke nuna ginin a yanke, ga kibiyoyin da mai zanen ya ja da fensir suna nuna mashigar iska da mafitarta ta saman rufi. A shafi na gaba kuma an rubuta cewa silin ɗin na asbestos ne, abin da ba a fasawa sai da ƙwararru saboda ƙurarsa na lalata huhu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in buga masa kwafi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na ɗan kwangila.