Mako na shida: ƙaramar motar ta samu nata birkin

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon jan ƙaramar mota a bayan motar kwana, wato babbar motar da ke da ɗaki a ciki. A makon jiya na gaya muku na gama ɗaura ƙarfen ja da igiyoyin waya biyu na kariya a gaban Jeep Wrangler ɗinmu. A lokacin gani nake aiki ya ƙare, ashe da sauran rina a kaba.

Abin da ya dawo da ni hayyacina layi ɗaya ne a littafin babbar motar: an auna birkinta ne da nauyinta da kayan cikinta, ban da abin da take ja. Jeep ɗin kuwa ta kusa tan 2. Duk sanda na taka birki ke nan, ga tan 2 a baya yana tunkuɗa ni gaba. Mu kuma a jihar Colorado ta Amurka muke. Wanda ya taɓa fitowa daga ramin Eisenhower, inda babbar hanyar I-70 ta ratsa cikin dutse, ya gangara garin Silverthorne ya san gangarar nan mai kashi 7 cikin 100, ya kuma ga hanyoyin tsakuwa da aka tanada don tirelolin da birkinsu ya tsinke. Ga doka kuma: jihohi da yawa a Amurka na wajabta birki ga abin da ake ja idan nauyinsa ya kai fam 3,000, wasu ma ƙasa da haka.

Don haka na sayi wa Jeep ɗin na'urar taka birki. Na ɗauki irin na akwati, wanda ake ajiyewa a cikinta, a ƙasa gaban kujerar direba. Yana da hannu da ke kama abin taka birki, idan ya ji babbar motar na rage gudu sai ya danna. Akwai wanda ake ɗaurawa dindindin, amma aljihu ne ya yanke hukunci.

Ranar Asabar muka je wani filin ajiye motoci da babu kowa. Na saka Jeep a firi yadda littafinta ya ce, na zaunar da akwatin, na ja. Takun farko sai ƙiii! Tayoyinta huɗu suka ƙame, ƙaurin roba ya tashi. Uwargida da ke tsaye a gefe ta ɗaga murya: "Malam, motar kake son kashewa?" Laifina ne. Bayan an kashe injin Jeep ɗin, akwai sauran ƙarfin zuƙar iska a tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki, dole a tattaka sau da yawa har ya yi tauri kafin a tashi. Akwatin da ƙarfin mataccen birki yake dannawa, ni kuma na ba shi mai rai. Don Allah kar ku tsallake wannan.

Da na gyara, bambancin a jikina na ji shi. Turin nan da nake ji a ƙugu idan na tsaya ya ɓace.

Na kuma gwada 'yar wayar gaggawa, wadda ke haɗa babbar motar da wani fil a gaban Jeep ɗin: na fizge fil ɗin da hannu, nan take akwatin ya danne birki, kamar yadda zai yi idan ƙarfen ja ya balle a hanya.

Saura batir. Daga na Jeep akwatin ke shan wuta, don haka mako mai zuwa zan ja waya daga babbar motar ta riƙa caja shi. Gangarar Silverthorne sai bayan nan.