Abin da teburin kasafi ya koya mini

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan ofishina na sashen tsare-tsare da kasafi a ƙaramar hukumarmu. Yaran da na bari sun roƙe ni in rubuta musu wani abu, sai na ga gara in ajiye shi inda sauran 'yan'uwa ma'aikata za su gani, don ciwon namu iri ɗaya ne.

Ba sai na yi wa ɗan sakatariya bayanin yadda kuɗi ke zuwa ba. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ake raba wa ƙananan hukumomi 774, ya biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a zare albashin malaman firamare, a zare na fansho da kason masarauta, sannan a miƙo mana abin da ya saura. Ba mu da ta cewa a wannan lissafi. Adadi ɗaya ne tak a kasafi muke rubutawa da hannunmu, wato hasashen kuɗin shiga na cikin gida, kuma ta wannan ƙofa ƙarya take shigowa.

Ƙarshen 2014 ne, muna haɗa kasafin 2015, zaɓe ya ƙarato. Ciyaman na lokacin ya kira ni, ya turo mini takarda cike da sunaye, wasu da biro aka ƙara su a gefe. Ya ce, "Malam, yaran nan a nemo musu gurbi." Na ce, "Ranka ya daɗe, gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar shekara ga ta tana gangarowa, kason wata-wata zai bi ta. Waɗanda ke kan baucar albashi ma da ƙyar muke kai su ƙarshen wata." Sai ya yi dariya. "Gidaje nawa ne a garin nan? Ka ɗaga hasashen harajin gidaje har ya rufe giɓin. Ai doka ta ba mu."

Doka kam ta ba mu. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ƙiyasta gidaje don karɓar haraji, bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Amma doka ba ta shiga lungu da rasit. Na koma ofis na ɗauko rajistar gidaje na kawo masa. Littafi ne da bangonsa ya rabu, an ɗaure shi da igiyar leda, gara ta ci gefen shafuka. Da yawa daga masu sunayen ciki sun rasu, an raba gado, gida ɗaya ya koma huɗu. Sabbin unguwannin bayan gari, inda manyan gidajen suke, a littafin nan gonaki ne. Ko buɗe shi bai yi ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafi. Dattawan garinmu sun ga zamanin da ake shanya magidanci a rana saboda haraji, sun kuma ga 1979 lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Mutumin da ya taso a kan wannan labari, ka je ƙofar gidansa da takardar neman kuɗi, abin da zai fara nuna maka shi ne kwatar da ta toshe tun damunar bara. Kuma yana da gaskiya. Mai shago yana biya don ana iya garƙame masa shago. Mahauci yana biyan kuɗin mayanka don ba zai yi yanka ba sai ya biya. Mai gida fa? Su kuwa gidajen manya, wane ɗan karɓar haraji ne zai buga ƙofarsu ya kwana da aikinsa?

Duk wannan na rubuta shi a takarda, na sa hannu, na sa aka buga mini hatimin karɓa, na riƙe kwafi. Aka haɗa kasafin yadda yake so, kansiloli suka amince ba tare da tambaya ko ɗaya ba, domin kowannensu yana da mutanensa a cikin jerin sunayen.

Kun san yadda 2015 ta kasance. Kaso ya karye, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. A wurinmu, abin da aka tara na harajin gidaje bai kama ƙafar abin da aka rubuta ba. Aka fara biyan rabin albashi, masu shara da masu gadi 'yan wucin-gadi kuma aka daina ba su komai. Wata baiwar Allah da ke share asibitin sha-ka-tafi, mijinta ya rasu ya bar mata marayu, takan zo ta zauna a kan benci a bakin ofishina tun safe. Ba ta faɗa, ba ta roƙo. In na fito sai ta ce, "Baba, ko an ce wani abu?" Ita ta riga yaran jerin nan shiga aiki da daɗewa, amma ita aka fara yankewa.

Ranar da shugabannin ƙungiyar ma'aikata suka cika ɗakin taro, ciyaman ɗin nan ya miƙe, ina zaune a gefensa, ya ce sashen kasafi ne ya yaudare shi da alƙaluman da ba su da tushe. Washegari takardar tuhuma ta iso, bayanta ta sauyin wurin aiki zuwa sito, inda na yi ta ƙirga tsintsiya da kujeru. Kwafin nan da na riƙe shi ya hana a kore ni da kwamiti ya zauna. Daga baya an mayar da ni teburina, amma har ya sauka bai ce mini ka yi haƙuri ba. Mukan haɗu a jana'iza mu gaisa. Na bar shi da Allah, sai dai ba zan ce na manta ba.

Tun daga nan ban sake rubuta hasashen kuɗin shiga ba sai na ɗora shi a kan abin da ya shiga banki bara, ba abin da ke kan rasit ba, don tsakanin jakar mai karɓa da banki akwai rami. Kowane sabon suna a bauca kuma ku lissafa shi har da ƙarin girma da fansho, aikin gwamnati ba kwantiragin shekara ɗaya ba ne. Ku nemi masu unguwanni kafin ku fita ƙidayar gidaje. Umarnin baki, ku nemi a rubuta.

Na ji an yi ta murnar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ni ma na yi murna, don mun daɗe muna kuka da asusun haɗin gwiwa. Amma a wannan watan na Yulin 2024 ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Duk ciyaman ɗin da ya ga kuɗi a hannunsa ya buɗe ƙofar ɗaukar aiki ba lissafi, ranar da mai ya sake faɗuwa ba shi da gwamnan da zai jingina wa laifi, ku zai juyo wa.

Sabuwar rajistar gidaje da muka fara tana cikin kabad ɗin ƙarfe, kwafinta kuma yana kwamfutar ofis. Mun gama tsohon gari, saura sabbin unguwanni. Ku fara da layin manyan gidaje, a ga sun biya, sannan ku shiga lungu. Kuɗin farko da ya shigo kuma ku matsa a yashe kwatocin unguwar da ta biya kafin ruwa ya sauka.