Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Bigilar Kawu Samanja

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin aurena na fari, to ranar Talata da asuba aka bugo mini waya Kawu Samanja ya rasu. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tun ranar hannuna ya ƙi rubuta komai sai shi.

Wan mahaifiyata ne, kuma shi ne shugaban 'yan badujala a barikin Chindit da ke Zariya, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Ina ɗan shekara tara nake binsa daga Tudun Wada, ni ke riƙe masa jaka. Ranar faretin yaye kurata, in ya ɗaga 'yar sandarsa, masu ganga da masu busa duk sai su yi tsit har ta sauko. Ya kan ce mini, "Yaro, busa kunne ce, ba huhu ba."

Bigila ba ta da maɓalli ko ɗaya, 'yan sautukan da take da su duk daga leɓe suke fita. Wata uku ina hura ta a bayan ɗakinsa kafin ya gyaɗa mini kai. A daren nan Baffa ya ji labari, ya tara mu a zaure ya ce gidanmu gidan malamai ne, ba a roƙo. Roƙo! Mutumin da ke karanta kiɗa a takarda, wanda bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shi kuwa Baffa, kowace Sallah yana ƙofar fada tun zamanin Sarki Shehu Idris, yana gyaɗa kai in an busa kakaki. Daga ranar ban sake sa bigila a baki ba, kuma har yau abin yana cina.

Ko da na girma na zama malamin makaranta, da maganar Kawu na riƙa koyarwa: kunne tukuna.

A zaman makoki na ga 'ya'yan Baffa a sahun gaba suna karɓar gaisuwa. Ban ce musu komai ba. Na shiga ciki na tambayi Gwaggo ina bigilar. Ta ce tun bara da ciwo ya yi tsanani yara suka sayar wa 'yan gwangwan, a kan kilo.