Garin siriyam da cokalin da ya kusa ja mani abin kunya

Ni dai lokacin da na fara furojet ɗina a nan Katsina abin da na ɗauka shi ne in dai sinadari ɗaya ne to halinshi ɗaya ne, ka niƙa shi ko ka dunƙula shi duk ɗaya. Malam ya ba ni siriyam oksayid, CeO2, wato haɗin siriyam da oksijin, in duba ko siffar ƙwayoyinshi na canza yadda maganaɗisu ke jan shi. Siriyam ɗaya ne daga cikin ƙarafan nan 17 da ake cewa masu wuyar samu duk da siriyam ɗin ba wani wuya gare shi ba, akwai shi cikin yashin monazait da ake samu a wuraren haƙar kuza na Jos, kuma akwai shi cikin abin nan na salansar mota da makanikai ke ce ma indomi.

Haɗin ba wuya a baki. Siriyam naitiret, sai soda irin wadda mata ke yin sabulu da ita amma mai tsabta, ka zuba a tukunyar ƙarfe mai murfi ka sa a oben awa 24. In zafin ya tsaya wajen digiri 100 sai ƙwayoyin su fito kamar 'yan sanduna, in ka kai shi 180 sai su koma 'yan murabba'i kamar dunƙulen magi. Kaya ɗaya fa, zafi ɗai ya bambanta. Kuma awa 24 ɗin nan ba wasa ba ne, sau biyu ana ɗauke wuta cikin dare in zo da safe in tarar oben ya huce, sai da muka yi karo-karo na man janareta.

To mi ya haɗa siffa da maganaɗisu? Siriyam oksayid in babban dunƙule ne maganaɗisu bai jan shi sam, don siriyam ɗin ciki ba ya da ilektron ko ɗaya da ke zaune ba abokin zama. Amma in ƙwayar ta ƙanƙance ta koma 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kaso mai yawa na atom ɗin sun dawo waje, oksijin shina sulalewa daga fatar ya bar gurbi, kowane gurbi ya bar ilektron biyu, siriyam biyu na kusa su ɗauka su koma Ce3+, wato siriyam mai ilektron ɗaya da ba abokin zama, to waɗannan su ne ke da ɗan maganaɗisu. Kuma ba kowace fuska ke sakin oksijin da sauƙi ba. Fuskokin ƙwayar da lamba ake kiran su gwargwadon yadda atom suka jeru a kansu, fuskar 111 riƙo gare ta, 110 da 100 sun fi saki, sanda tana nuna 110 da 100, murabba'i 100, shi ya sa siffa ta shigo maganar. Wannan na daɗe ban gane ba wallahi, sai da na zana shi da kaina ya fi sau goma.

Sai muka aika samfur aka auna, sakamako ya dawo, sandunan nan sun nuna ja mai ƙarfi har na fara tura ma 'yan ajinmu hoto a WhatsApp ina jin na gano wani abu. Na kai ma Malam, ya duba ya duba bai ce komai ba sai ya ce, "Da wane cokali ka kwashe garin?"

Na ce na ƙarfe Malam, wanda ke cikin durowa.

"To je ka sake, ka nemo na roba, kuma kada ka goge tukunyar da soson ƙarfe."

Raina ya ɓaci ranar, har na biya Ƙofar Ƙaura shan shayi ina ta mita ni kaɗai. Amma gaskiyarshi. Jan da ake nema a wannan garin ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan ɓurɓushin ƙarfe da ido bai gani ya isa ya danne shi, kuma har yau masana na gardama kan nawa ne daga gurbin oksijin nawa ne datti kawai. Da gadoliniyam oksayid ne da abin ya zo da sauƙi, shi kowane gadoliniyam da ke ciki ilektron 7 gare shi marasa abokin zama, shi ya sa ake sa gadoliniyam a allurar hoton MRI.

Sati ukku na ƙara, cokalin roba na masu saida yogot na sawo leda guda. Da sakamako na biyu ya zo jan ya faɗi warwas, ɗan abin da ya rage sandunan sun ɗara murabba'in kaɗan, shi na rubuta a babi na huɗu, hoton farko kuma na goge shi daga guruf ɗin tun kafin wani ya tambaya.