Godiya ga Waɗanda Suka Taimaka Wufarmu Ta Daina Gurnani

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga bayin Allah da suka ba da lokacinsu da iliminsu har aka gyara wufar gidanmu, wato akwatin sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, wadda ta daɗe tana damunmu da gurnani. Wani zai ga abin bai kai a yi masa rubutu ba, amma duk wanda ya leƙa kasuwa ya ji kuɗin sabuwa a wannan zamani zai gane dalilina, musamman da yake da ita muke sauraron karatu da tafsiri da labarai, da ita kuma yara ke kallon ƙwallo.

Wufar tamu irin wadda amfilifaya ke cikin akwatinta ce, tana da fuloginta na kanta, sai wata waya da ke kawo mata sauti daga na'urar da ke haɗe da talabijin. Matsalarta ita ce da zarar an kunna ta sai wani ƙugi mai kauri ya cika falo, ko da babu abin da ake saurare, kuma rage murya ba ya rage shi sai ɗan kaɗan. Masu ba da shawara sun yi yawa, kuma mafi yawansu sun tsaya a kan cewa sifikar ce ta ƙone, a jefar a sayi wata.

Godiyata ta farko tana zuwa ga maƙwabcina, malamin da ke koyar da aikin lantarki, wanda ya hana a taɓa ko sukuru ɗaya kafin a saurari ƙarar da kyau. Ya sa na zare wayar sauti daga bayan wufar, aka bar ta da wutarta kaɗai, yana mai cewa idan gurnanin ya ɗauke to daga waje yake shigowa, idan kuwa ya ci gaba to cikin akwatin ne. Da aka zare sai ƙarar ta ragu amma ba ta mutu ba, nan take ya ce ashe cuta biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya. Ya bayyana mini cewa wutar da ake kawo mana a Najeriya tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma idan talabijin na jone a soket ɗaya, wufa a wani soket can nesa, wayoyin ƙasa na wuraren biyu, wato waɗanda ƙafa ta uku ta fulogi ke haɗuwa da su, kan ɗan bambanta da juna, sai wata 'yar wuta ta riƙa bin jikin wayar sauti, amfilifaya kuma ta ɗauke ta a matsayin sauti ta ƙara mata ƙarfi. Maganin wannan bai ci kuɗi mai yawa ba: aka mayar da dukkan na'urorin kan soket guda, aka sauya tsohuwar wayar sauti da gajeriya mai rufi mai kyau, aka kuma raba ta da wayoyin wuta da take kwance a kansu. Wani ya kawo shawarar a karya ƙafa ta uku ta fulogin, malam ya ƙi ƙememe, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta idan waya ta taɓa ƙarfen jikin na'ura. A ganina wannan ƙin da ya yi ya fi gyaran kansa daraja a gidan da ke da ƙananan yara.

Shi ne kuma ya wanke sifikar daga zargin da ake yi mata. Bayan an kashe wuta, ya ɗora yatsunsa a kewayen tsakiyar faifanta ya danna a hankali, ta shiga ta fito ba tare da wani karce-karce ba, alamar cewa kwayil ɗinta, wato naɗin wayar da ke motsa faifan, ba ya gugar maganaɗisu. Ya kwance wayoyinta ya taɓa su da ƙaramin batir mai bolt 1.5, faifan ya motsa tsaf, mitarsa kuma ta nuna om uku da wani abu, wanda shi ne daidai ga sifikar da aka rubuta wa om 4. Daga nan ya ce ragowar aikin na mai ƙarfen dalma ne, ya kuma faɗa mini wanda zan nema.

Wanda ya nuna mini shi ne dattijon unguwarmu mai gyaran rediyo, wanda kowa ke kira Baba, kuma gare shi ne mafi girman godiyata take. Da ya ji nauyin akwatin sai ya ce kada a wahalar da kowa, shi zai zo gida da jakar kayan aikinsa. Da ya kwance fanel ɗin da ke baya bai kai hannu ciki ba, sai da ya auna manyan kafasita biyu, wato kayan da ke tara wuta, da ke kusa da taransifoma, ya nuna mini da mita cewa har yanzu da sauran wuta a cikinsu duk da an zare fulogi. Ya sauke wutar a hankali ta hanyar rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, ya ce masu gaggawa kan haɗa ƙafafun da bakin sukundireba, abin da ke jawo tartsatsi, wani lokaci har ya lalata fanel. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan saƙo da nufin buɗe tasa ya riƙe wannan gargaɗi tun kafin ya ɗauki sukundireba.

Kan kafasitocin biyu ya kumbura, ɗaya ma har ya ɗan tsiyayo ruwa ya bushe a gindinsa. Baba ya yi mini bayanin aikinsu dalla-dalla: taransifoma tana rage wutar gida mai bolt 230 zuwa ƙarfin da amfilifaya ke buƙata, dayod huɗu su juya ta ta koma mai tafiya hanya ɗaya, amma tana fitowa ne a gutsuttsure, kafasita ne ke tara ta ya riƙa saki a miƙe, kamar tankin da ke saman gida wanda ke ba da ruwa ko famfo yana kawowa yana yankewa. Idan ruwan da ke cikin kafasita ya ƙafe, sai gutsuttsurin ya wuce kai tsaye cikin amfilifaya sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa wannan gurnani ya fi na wayar ƙasa tsini da kaushi a kunne, kuma shi ya sa maɓallin murya ba shi da iko a kansa. Ya ɗora laifin a kan zafi, domin fanel ɗin yana rufe cikin akwati, wufar kuma tana manne da bango, ga zafin bazarar Kano, ga hawa da saukar wutar janareta. Bai tsaya nan ba, sai da ya kankare tsohon gam ɗin da masana'anta suka liƙe kafasitocin da shi, wanda ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya ce irin wannan gam idan ya tsufa yakan ci ƙafafun kayan fanel, har ya riƙa ratsa wuta. Ya kuma gano wuraren da dalma ta tsattsage saboda girgizar da akwatin ke yi, ya sake narka su ɗaya bayan ɗaya.

Ina godiya ga ƙanena da ya shiga Kasuwar Sabon Gari da tsofaffin kafasitocin a aljihu, da kuma mai shagon da ya yi masa gaskiya, ya ware masa sababbi daga waɗanda aka ciro a tsofaffin na'urori, alhali da ya so da ya haɗa masa da na gwanjo ba tare da ya sani ba. Na asalin masu maikurofarad 10,000 ne da bolt 50, Baba kuma ya ce a nemo masu wannan girma amma na bolt 63, waɗanda aka rubuta wa digiri 105 maimakon 85, saboda sun fi jure zafi.

Wajen ɗaurawa ya nuna mini farin layin da ke gefen kowane kafasita, wanda ke nuna ƙafar da ba a juya ta, domin idan aka saka shi a baibai yana iya fashewa. Bai jona wufar da wuta kai tsaye ba, sai da ya ratsa ƙwan fitila irin na da mai wat 60 a kan layin. Ƙwan ya haska sau ɗaya ya dushe, alamar babu inda waya ta haɗe. Ya auna bakin da ke zuwa sifika ya tabbatar babu tsayayyar wutar da za ta ƙona kwayil, sannan ya mayar da komai ya ɗaure sukurorin akwatin tam, don kada iska ta riƙa tsiyaya ta gefe ta kawo wata ƙarar daban. Da aka kunna, gurnanin ya tafi gaba ɗaya.

Da na kawo maganar ladan aiki, Baba ya ce, "Ɗana, kuɗin kaya ka riga ka biya, ni addu'a nake so." Sai da malam ya sa baki kafin ya karɓi ɗan abin da ya sauƙaƙa. Ya bar mana umarnin a janye wufar daga jikin bango don ta sha iska, a kashe ta duk lokacin da aka ɗauke wuta har sai ta dawo ta daidaita, kuma idan fis ya ƙone a sa irinsa, kada a naɗa masa waya.

Ba zan manta da uwargida ba, wadda ta jure ganin falonta a hargitse, ta tsare yara daga inda ake aiki da ƙarfe mai zafi, ta kuma karrama baƙinmu da abinci. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, ya sanya albarka a cikin koyarwar malam, ya buɗa wa mai shagon nan kasuwarsa. Amin summa amin.